Yadda Ake Komawa Hawan Babur Bayan Shekaru Sun Ja, da Yadda Ake Sarrafa Mai Nauyi

Wanda ya ajiye babur shekara ashirin ko fiye, ya waiwaye shi yana da hamsin da ɗoriya, kansa na tuna komai amma jikinsa ya manta rabi. Ga shi kuma yanzu yana da halin sayen abin da ya gagare shi yana saurayi, sai ya tsallake ƙananan mashina ya nufi babba. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo, daga baya kuma na raka mutane da dama filin gwaji. Abin da na riƙa gani shi ne babban babur ya fi kayar da mai shi a tsaye, ko a tafiyar da ba ta wuce ta ƙafa ba. Idan ya ɗauki gudu nauyin kamar babu shi, a bakin ƙofa da wurin ajiyewa da matsattsiyar kwana yake dawowa. Ƙaramin babur mai inji 125 cc bai cika wuce kilo 130 ba. BMW R 1250 GS da mai a tanki ya kusa kilo 250, Honda Gold Wing da manyan Harley-Davidson na doguwar tafiya sun haura 350. Babu damtsen da zai riƙe wannan idan ya karkata, don haka duk aikinmu a nan dabara ce.

Kayan da za ka tanada

Hular kwano sabuwa, mai rufe fuska har haɓa, mai tambarin gwaji irin ECE 22.06 ko DOT. Kada ka kakkaɓe tsohuwarka ka sa, abin da ke shanye duka a cikinta yana lalacewa da shekaru ko da bayanta na sheƙi. Ta kama kumatunka sosai, kada ta juya idan ka girgiza kai.

Takalmi mai rufe idon sawu, wanda ƙasansa roba ce mai kama ƙasa. A babban babur shi ne na biyu bayan hula, domin a kan tafin ƙafa ɗaya nauyin zai riƙa sauka. Idan mai igiya ne, ka cusa igiyar ciki kada ta sarƙe a ƙarfen giya.

Safar hannu ta fata, da riga da wando masu kauri masu kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwa da baya. Gejin auna iskar taya da littafin da ya zo da babur. Ƙarafan kariya a gefen inji, a ɗaura su tun kafin gwajin farko. Idan ba ka samu ba, ka yanka tsohon tiyo na roba ka naɗe ƙarshen kan babur da shi, ka kuma cire akwatin baya na sama. Alamomin da za ka jera a ƙasa, gorunan roba da babu komai ciki sun isa, ko ka zana da alli. Sai fili shimfiɗaɗɗe mai kwalta ko siminti, babu tsakuwa babu yashi, da mutum ɗaya mai ƙarfi da zai tsaya kusa a kwanakin farko.

1. Fara da jikinka da takardunka

Je a gwada idonka. Bayan shekara arba'in gani na kusa yakan ragu, na dare ma haka, fitilun motoci kuma sukan fi kashe ido. Idan kana sa tabarau mai hawa biyu, ka gwada shi cikin hular tun a gida, don wani lokaci ɓangaren karatu ne ke faɗowa daidai inda kake duban ƙasa. Ka tambayi likita ko cikin magungunan da kake sha akwai mai sa barci ko jiri. Sannan ka zauna a kujera ka waiga dama da hagu. Idan wuya ba ya kai ka ga bayan kafaɗa, ka fara motsa shi kullum, madubi kaɗai ba ya nuna komai.

Ƙafa ita ce jarinka. Ka riƙa tashi daga kujera ka koma sau goma ba tare da ka dafa komai ba, ka kuma tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, ka sauya. Mako uku na wannan yana nuna kansa a kan babur. Ka duba ko lasisinka yana aiki har yanzu kuma ya ba ka izinin girman injin da kake so, ka yi inshora. Idan akwai makarantar koyon babur da za ka iya zuwa, kwana ɗaya da malami ya fi wata guda kana laluben kanka.

2. San babur ɗin kafin ka tayar da shi

Hau sirdi ka ga yadda ƙafa ke kai ƙasa. Tsayin sirdi kaɗai ba ya faɗin gaskiya, faɗinsa ma yana buɗe cinya ya rage tsawon ƙafa. Abin da ake nema shi ne ƙafa ɗaya ta taka ƙasa gaba ɗayanta, ko da sai ka ɗan zame ɗuwawu gefe. Idan bai samu ba, a rage soson sirdi ko a sa ƙarami. Ana kuma iya rage tsayin shakazoba, amma sai an rage ƙafar jingina ta gefe ita ma, kuma cikin babur zai fi saurin gogar ƙasa a kwana. Inda nauyi ya taru ma abin dubawa ne. Lita 20 ta fetur kusan kilo 15 ce, kuma a can sama take zaune, saboda haka ka yi gwajinka na farko da rabin tanki.

Idan za ka samu aron ƙaramin babur na mako biyu ko uku kafin ka hau babban, ka karɓa. Babu kunya a ciki, hannu ya fi saurin dawowa a kan abin da ba ka tsoron ya faɗi.

Babur ɗin da ya daɗe a ajiye sai bakanike ya gan shi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida a duba ta da kyau ko da zanenta bai cinye ba, roba na ƙeƙashewa. Sabuwar taya kuma tana da santsi, a bi ta a hankali kilomita 150 na farko. A canja man birki idan ya wuce shekara biyu, a zubar da tsohon fetur, a duba batir da kaca da baƙin mai. Iskar taya kuwa ka auna ta da kanka tana sanyi. Tayar gaba mai ƙarancin iska tana sa kan babur ya yi nauyi har ka zargi hannunka.

Injinan ma sun canja tun bayan tafiyarka. Birkin yanzu yatsa biyu sun ishe shi, wanda ya saba damƙar na da da duka hannu zai iya kifawa. Injakta ta maye gurbin kafireto, kuma totur ɗinta na amsawa nan take. Idan babur ɗinka na da tsarin tuƙi na ruwan sama, ka sa shi a can ko rana ake yi, yana tausasa totur.

3. Tura shi inji a kashe

Mutane suna raina wannan mataki, alhali a nan ake sanin nauyi. Tsaya ta hagu, riƙe kan babur da hannu biyu, miƙar da shi, yatsu biyu a kan birkin gaba. Ɗaga babur daga ƙafar jingina da ƙugunka, ka bar shi ya ɗan karkato wajenka yana jingine da kwankwaso. Kada ka taɓa barinsa ya karkata ɗaya gefen, a can ba ka da abin da za ka tare shi da shi. Tura gaba taku goma, ka tsaya da birki a hankali kai a miƙe. Komawa baya kuma, hannun hagu a kan kai, na dama a kan sirdi ko ƙarfen riƙon mai goyo, kana duban inda za ka. Tunda hannunka ya bar birki, ka sa giya ta ɗaya ka damƙe kulochi, idan kana so ya tsaya sai ka saki kulochin a hankali.

Daga nan ka hau, ƙafafu biyu a ƙasa, ka karkatar da shi kaɗan dama, kaɗan hagu. Za ka ji akwai wani wuri a tsakiya da babur ba ya da nauyi ko kaɗan, ɗan yatsa ma zai riƙe shi. Wannan wurin shi za ka yi ta nema duk lokacin da za ka tsaya.

4. Nemo inda kulochi ke kamawa

Tayar da inji, sa giya ta ɗaya, ƙafafu a ƙasa. Saki kulochi sannu a hankali har ka ji babur ya fara jan ka, sai ka sake damƙewa ya komo. Maimaita sau ashirin, har yatsunka su san wurin ba tare da ka yi tunani ba. Sannan ka bar shi ya ja ka kana takawa da ƙafafu, daga baya ka ɗora su a mataki.

Tafiyar sannu a babban babur abu uku ne ke haɗuwa. Totur yana ɗan sama da yadda inji ke yi a tsaye, kuma a daidai yake, ba a ƙarawa ba a ragewa. Kulochi yana tsakiyar wurin kamawa, shi ke ba taya ƙarfi gwargwadon buƙata. Ƙafar dama tana ɗan danne birkin baya, tana jan babur kamar linzami. Ido kuma yana can nesa, domin wanda ya dubi tayar gaba ya fara tangaɗi. Ka ja layi mai tsawon mita 20 ka yi ta binsa, kowane zuwa ya fi na baya jinkiri. Yawancin babura kulochinsu cikin mai yake, yana jure wannan. Wasu tsofaffin BMW da Moto Guzzi nasu busasshe ne, yana saurin zafi. Ko wane iri ne naka, bayan minti goma ka zaga fili da ɗan gudu inji da birki su sha iska.

5. Koyi tsayawa

A nan aka fi zubar da manyan babura, kuma dalilin kusan ɗaya ne kullum: an kama birkin gaba kan babur yana juye. Birkin gaba yana nutsar da gaban babur, idan kai a karkace yake sai nauyin duka ya zuba ta wannan gefen, kafin ka ankara ya wuce inda ƙafa za ta iya tarewa.

Rage gudu da birki biyu, kana sauko da giya har ta ɗaya. Idan ya rage saura tafiyar ƙafa, sassauta na gaba ka ƙarasa da na baya. Kan babur a miƙe, ido a gaba, sai ka sauke ƙafar hagu bayan babur ya tsaya, ta dama tana kan birki. Kada ka riƙa jan ƙafafu a ƙasa tun babur na tafiya, yin haka na raba ka da birkin baya, kuma ƙafa na iya maƙalewa ƙarƙashin salansa ko akwatin gefe.

Tun daga nesa ka zaɓi inda ƙafarka za ta sauka. Tsakuwa, ɗigon mai, fentin titi mai laima, rami, duk suna jiran tafin takalmi. Idan hanya ta karkata gefe ɗaya, ka sauke ƙafar da ke ɓangaren tudu. A watana na biyu da dawowa na tsaya a gefen wata hanya da ta gangara hagu, na miƙa ƙafar hagu kamar kullum, ƙasa ta yi mini nisa da ɗan taƙi kaɗan. Wannan taƙin ya isa. Na yi ƙoƙarin riƙe babur ɗin, bayana ya yi mako shida yana ciwo, babur ɗin kuma duk da haka sai da ya kwanta.

6. Juyawa a matsattsen wuri

Fara da babbar da'ira, faɗinta kamar mita 12, ka zaga hagu sau biyar, dama sau biyar. Dama ta fi wuya ga yawancin mutane saboda hannun totur yana matsewa kusa da tanki, don haka ka ba ta ƙarin lokaci. Ka riƙa matso da alamomin ciki kaɗan kaɗan, daga baya ka haɗa da'ira biyu kana zana lamba 8.

Juya kanka gaba ɗaya, haɓa ta nufi kafaɗa, ka dubi inda kake so ka fita. Babur yana bin ido, wanda ya dubi bakin kwalbati can zai je. Ka bar babur ya kwanta cikin kwanar, kai kuma jikinka a miƙe, nauyinka a gefen waje na sirdi. Yatsu su sauka daga birkin gaba kwata-kwata. Idan ka ji yana neman faɗawa ciki, zuciya za ta ce ka damƙe kulochi, kuma wannan shi ke ƙarasa kayar da shi. Ɗan sakin kulochi ake yi, ƙarfin inji ya tashe shi tsaye.

Idan hanya ta yi maka ƙunci, ka tsaya ka juya shi da gaba da baya kana kan sirdi, ko ka wuce ka zagayo ta wata hanyar.

7. Birkin gaggawa

Birkin gaba ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa, kusan kashi 70 cikin ɗari. Ba a fizgarsa. Ana fara matsa shi a hankali nauyi ya sauka kan tayar gaba, sannan a ƙara matsa da ƙarfi, duka cikin ƙiftawar ido. Gwada a miƙaƙƙen layi da gudun kilomita 30 a awa, ka sa alama inda ka tsaya, ka yi ta rage tazarar, sannan ka koma 50.

Tun 1988 BMW ya fara sa ABS a babur, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an matsa birki da ƙarfi, yau kuma yawancin manyan babura na da shi. Idan ya kama za ka ji birkin na karkarwa a hannu ko a ƙafa. Kada ka saki, aikinsa yake yi. Gara ka fara jin wannan karkarwar a fili da ka fara jin ta a bayan mota. Idan naka ba shi da ABS kuma tayar gaba ta ƙulle, ka saki nan take ka sake matsawa.

8. Idan ya faɗi

Zai faɗi wata rana. Da zarar ka ji ya wuce inda za ka iya tarewa, ka janye ƙafarka daga ƙarƙashinsa ka bar shi ya tafi. Madubi da roba ana sayen wasu, gwiwar ɗan shekara sittin kuwa tana daɗewa ba ta koma daidai ba.

Kashe inji da maɓallin nan ja da ke hannun dama. Ka huta minti ɗaya ka duba jikinka, kada kunya ta sa ka gaggawa. Tabbatar yana cikin giya don kada ya gangara. Idan ta dama ya kwanta, ka fara buɗe ƙafar jingina, ita za ta tare shi idan ya miƙe. Juya kan babur har ƙarshe ta gefen da ya kwanta. Juya wa babur baya, ka tsuguna ka jingina ƙugunka da gefen sirdi, hannu ɗaya ya kama mariƙin kan da ke ƙasa, ɗaya ya kama ƙarfe mai ƙwari a baya, ka kiyayi salansa mai zafi. Ɗaga haɓa, hannuwa a miƙe, ka tura da cinyoyi kana ja da baya da ƙananan taku. Idan ta hagu ya kwanta, ka tsaya da ya kusa miƙewa, ka buɗe ƙafar jingina da diddige, kada ka zarce ya kifa ɗaya gefen. Mai ciwon baya ko ciwon zuciya ko ƙaba kada ya gwada shi kaɗai, ya nemi hannu, ya kuma sauke kaya tukuna.

9. Ajiyewa

Kafin ka shiga wuri ka yi tunanin yadda za ka fita. Idan wurin ya gangara ciki, da baya ake shiga, inji ya fitar da kai daga baya. Wanda ya shiga gangare da gaba sai ya nemi masu ja, in ba babur ɗinsa na da giyar baya irin ta Gold Wing ba. A kan tudu gaba ya dubi sama, a bar shi cikin giya ta ɗaya. Ka dubi ƙafar jingina da idonka ka ga ta buɗe har ƙarshe kafin ka sakar mata nauyi, idan ƙasa mai taushi ce ko kwalta ta yi zafi ka sa ɗan faifan ƙarfe ko katako a ƙarƙashinta. Babbar ƙafa ta tsakiya kuwa da nauyin jiki ake hawar da babur kanta: ka tabbatar ƙafafunta biyu sun taɓa ƙasa, ka taka da dukkan nauyinka, hannu yana rakiya kawai.

10. Fita titi

Sai ka iya tsayawa sau goma a jere ba tangaɗi, ka kuma juya dama da hagu ba ka sauke ƙafa ba, sannan ka fita. Zaɓi hanyar da ka sani, da rana, lokacin da motoci suka yi sauƙi, minti 30 ya isa. Idan gudu ya haura kamar kilomita 20 a awa, babur yana shan kwana ne da ɗan tura mariƙin gefen da za ka: ka tura na dama gaba ya kwanta dama. Da can jikinka yana yin haka ba ka sani ba, amma babban babur sai an yi masa da niyya. Rage gudu kafin kwana, ka shiga kana duban mafita. Masu dawowa sukan shiga kwana da gudun da suka tuna, sai ta fi su, su tsorata su miƙe su fita layi.

Bar tazarar daƙiƙa uku ko huɗu tsakaninka da na gaba. A gudun kilomita 100 a awa kana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, kuma hannun ɗan hamsin ba ya kai wa birki da saurin na ɗan ashirin. A mahaɗar hanya ka ɗauka mai motar da ke jira bai gan ka ba, ka dubi tayarsa ta gaba, ita ke fara motsi. Ka huta duk bayan awa ɗaya ka sha ruwa, ka kuma toshe kunne da abin rage ƙara a doguwar tafiya, iska na gajiyar da mutum tana kuma cin ji. Ka fi kula a ƙarshen tafiya, lokacin da ƙafa ta yi sanyi ga kuma tsayawa a ƙofar gida.

Tafiya cikin ayarin abokai ka jinkirta ta, domin neman kamo na gaba yana sa mutum gudun da bai shirya masa ba. Goyo ma haka, sai bayan wata biyu ko uku kana hawa a kai a kai. Ranar da za ka fara, ka ƙara iskar taya da taurin shakazoba yadda littafin babur ya nuna, ka gaya wa wanda za ka goya kada ya hau ko ya sauka sai ka ce masa to, ƙafafunka biyu a ƙasa, birkin gaba a damƙe. Sannan ku koma filin nan ku biyu, ku maimaita mataki na 4 da na 5 da na 6 kafin ku hau titi.